Hawan Dutse da Tafiyar Ƙafa: Hutu ga 'Ya'yanmu Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai

(Jawabin da jami'in sashen lafiya da raya karkara ya gabatar wa fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata da ta matasa daga ikilisiyoyin ƙauyuka, a wani zama da aka yi a Kano.)

  Na san waɗansu sun taso tun asuba daga wajajen Rano, Sumaila, Tudun Wada da Doguwa. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

An ba ni magana a kan hawan dutse da tafiyar ƙafa a daji. Na tabbata wani dattijo yana cewa a ransa, mu da kullum muke kan ƙafa zuwa gona da kasuwa da rijiya, wa zai koya mana tafiya? Gaskiyarka, Baba. Ba dominku aka kawo maganar ba. Domin 'ya'yanku ne da suka bar gida suka zo birni neman abinci, kuma ku ne kuke riƙe da abin da suke bukata.

Halin da 'ya'yanmu suke ciki

Kusan kowace ikilisiya da ke nan tana da yara a masana'antun Kano. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu, daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi uku, sa'an nan Challawa ta wajen Panshekara. A cikinsu akwai majemun fata, da kamfanonin roba, da na saƙa, da na abinci da sabulu. Da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990 saboda matsalar wuta da shigowar kayan waje masu araha. Wanda ya sami aiki a waɗanda suka rage yakan riƙe shi da hannu biyu, ko da kuwa yana cin jikinsa.

Yaron da ya tashi yana kiwo a fili, yau yana tsaye gaban inji daga safe har yamma, wani kuma aikin dare yake yi. Ƙarar inji tana kunnensa, ƙura da warin sinadarai suna hancinsa. Ruwan da masana'antun Sharaɗa suke zubarwa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Duk wanda ya taɓa bi ta gefen waɗannan rafuka ya san launinsu da warinsu. In an tashi aiki, yaro ya koma ɗakin haya da suke kwana su huɗu ko biyar. Ranar Lahadi in an fito sujada, ba shi da wurin zuwa sai bakin titi. A nan ne abokan banza suke samunsa da ƙwaya da maganin tari mai sa maye, wanda har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018.

Irin wannan gajiya ba barci kaɗai ke maganinta ba. Mutum yana bukatar iska mai kyau, da wurin da ba ƙara, da 'yan'uwa da zai yi hira da su. Ku tuna a Markus sura 6, da almajirai suka komo daga aiki, ko zarafin cin abinci ba su da shi, Yesu ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Ranar hutu tana cikin dokoki goma a Fitowa sura 20, har bawa da dabba an haɗa da su. Masana lafiya kuma sun yarda cewa tafiyar ƙafa a kai a kai tana rage hawan jini, tana taimakon mai ciwon suga, tana kuma kwantar da hankali.

Abin da waɗansu suke biya da kuɗi

A ƙasar Amurka, a jihar Kalifoniya, akwai wani gari a cikin hamada mai suna Palm Springs. Masu hali suna zuwa can hutu, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suke yi shi ne bin hanyoyin ƙafa cikin kwazazzabai da duwatsu. Waɗansu daga cikin kwazazzaban mallakar 'yan asalin wurin ne. Su suke karɓar kuɗin shiga, su suke gyara hanyoyin, 'ya'yansu kuma suke yi wa baƙi jagora. A nan maƙwabta, a ƙasar Nijar, shekaru da yawa Turawa sun riƙa zuwa Agadez domin hawan duwatsun Azbin, inda dutsen Bagzan ya kai mita 2,022. Buzaye da yawa sun ci abinci da aikin jagora, har tawayen 2007 da sace-sacen baƙi suka durƙusar da sana'ar.

Abu biyu muka koya daga nan. Hanyar da muke rainawa domin mun saba da ita, wani yana kashe dukiya ya zo ya taka irinta. Sa'an nan wannan harka ba ta rayuwa sai da zaman lafiya da mutanen wurin da suka san hanya. Ba na ce ku zauna jiran Turawa ba. Baƙin da nake magana a kansu 'ya'yanku ne.

Wuraren da muke da su

A cikin birni akwai Dutsen Dala, wanda tsayinsa ya kai mita 534 daga matakin teku. Kada wannan adadi ya tsorata ku, gama Kano kanta tana kan tudu. Akwai matakala, kuma mai lafiya zai kai sama cikin 'yan mintoci. Daga can za ka ga tsohon birni, da ragowar ganuwa wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu wajen shekaru 900 da suka wuce, da Goron Dutse a yamma. Masu binciken tarihi sun gano cewa an yi narkar tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. A 2007 aka sa Dala da ganuwa cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Daga Sharaɗa ko Bompai kuɗin adaidaita sahu kawai mutum yake bukata.

In an fita kudu, akwai madatsar Tiga, kimanin kilomita 70 daga birni, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974. Kewaye da ita duwatsu ne, haka kuma wajajen Rurum da garin Rano. Can gaba a ƙaramar hukumar Doguwa akwai duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. A jihar Jigawa akwai duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen dā. Masu zuwa Zariya kuma sun san Dutsen Kufena kusa da Wusasa, inda mishan ta CMS ta koma a 1929. Ƙungiyar matasa za ta iya haɗa ziyarar tsohuwar majami'ar Wusasa da hawan Kufena a yini guda.

Sai na yi gargaɗi a kan dajin Falgore, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Jos, ya ratsa Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Daji ne mai kyau, amma ɓarayin shanu da masu satar mutane sun sha fakewa a cikinsa, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashe nasa filin horo. Kada wata ƙungiya ta shiga wurin da sunan yawon buɗe ido ba tare da izinin hukuma da rakiyar jami'an tsaro ba. Shawarata ma ita ce a bar shi.

Tsoron dutse da bautar dutse

Akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba. Da yawa daga cikinmu kakanninmu sun yi yanka a gindin dutse ko tsamiya. Labarin Kano ya ce Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura, a kan Dala yake zaune, ba ya saukowa sai ranakun bikin tsafi. Har yau akwai ƙauyukan da ake cewa dutse kaza yana da iska, wanda ya hau ba zai sauko lafiya ba. Na san masu bi da ba sa yarda ɗansu ya kusanci irin wannan wuri.

Zabura ta 24 ta koya mana cewa duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Dutse halitta ne. Ba shi da ikon cutar da kai, ba shi kuma da ikon yi maka albarka. Mai bi yana iya hawa da zuciya ɗaya. Amma in akwai wurin da maƙwabtanmu masu bin al'adar gargajiya suke girmamawa, kada matasanmu su je su farfasa tukwanensu ko su yi musu ba'a domin nuna bangaskiya. Wannan tsokana ce, ba shaida ba ce.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Waɗansu sun ɗauka Allah ya fi jin addu'a a kan dutse, sai su hau da azumin kwana uku ba ci ba sha, a tsakiyar bazara. A Yohanna sura 4 Yesu ya nuna wa matar Samariya cewa ba wurin ne abin lura ba, zuciyar mai sujada ce. A 1 Sarakuna sura 19, da Iliya ya gudu jeji ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara yi shi ne ya ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, kafin ya kama hanyar Dutsen Horeb. In annabi ya bukaci ruwa, kai ma kana bukata. Yin addu'a a kan dutse abu ne mai kyau. Jarraba Allah da jikinka ba shi da kyau.

Yadda za a shirya tafiya

Na ɗaya, lokaci. Mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, sanyi ya shigo. Wannan ya yi daidai da hutun Kirsimeti da yara suke zuwa gida. Ranar da hazo ya yi yawa, mai ciwon asma ya zauna. A Maris, Afrilu da Mayu zafin Kano yana iya wuce digiri 40, kuma falalen dutse yana ɗaukar zafi kamar tanda. In dole ne a fita a waɗannan watanni, a fara da ƙarfe 6 na safe, a sauko kafin 10. Da damina dutse yana santsi, rafi yana cika farat ɗaya. In kun ga hadari ya haɗo ko kun ji tsawa, ku sauko nan take, kada ku fake ƙarƙashin itace da yake tsaye shi kaɗai.

Na biyu, ruwa. A Farawa sura 21 ba namun jeji ne suka kusa kashe yaron Hajaratu ba, ruwan salka ne ya ƙare. Kowa ya ɗauki nasa. Cikin zafi mai tafiya yana bukatar wajen rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, wato ledar fiya wata ɗaya ko biyu. Kada a jira sai ƙishi ya kama. In rabin ruwanku ya ƙare, ku juya, ko da ba ku kai inda kuka nufa ba. Shugaba ya riƙe ruwan gishiri da suga: ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, da rabin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Na uku, ku san alamun bugun rana. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar jijiya su ne na farko. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. In ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko ya suma, abin ya zama na rai da mutuwa. A jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Kada kuma a tsaya ana cewa iskar dutse ce ta buge shi. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya.

Na huɗu, maciji da kunama. Kububuwa tana son ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, kada kuma a cusa hannu a rami ko tsagar dutse. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe ko agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da yake da allurar dafin maciji. Tun kafin ranar tafiya, shugaba ya bincika wane asibiti ne mafi kusa da yake da ita.

Na biyar, bakin ruwa. Madatsa ba tafkin ƙauye ba ce, tana da zurfi da laka. Ruwan kwance kuma yana kawo tsargiya. Kada yara su shiga wanka a Tiga ko a magudanan rani. Ba mu manta da kifewar jirgi a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, inda aka rasa rayuka da yawa, galibi yara. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Na shida, tsari. Kowane mutum goma su sami babba ɗaya. Ɗan gari wanda ya san hanya ya yi gaba, wani mai ƙarfi ya tsaya a baya, kada a bar kowa shi kaɗai. A ƙirga mutane kafin a hau, a sāke ƙirgawa bayan an sauko. Fasto ya riƙe sunayen dukan masu tafiya da lokacin da za su dawo. Kada a dogara ga waya, gama ba ko'ina ake samun sabis ba. In akwai 'yan mata a tafiyar, uwa biyu daga zumuntar mata su raka su. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya su tsaya a gindin dutse wajen masu abinci. Ba abin kunya ba ne.

Na bakwai, ladabi. Dala tana tsakiyar unguwannin 'yan'uwanmu Musulmi. A sa sutura ta mutunci, a gai da mutanen unguwa, a bi umarnin masu kula da wurin. Ba wurin kiɗa ko wa'azi da lasifika ba ne. A guje wa lokacin sallar Juma'a, da watan azumi kuma kada a riƙa ci da sha a gaban jama'a. A ƙauye a fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci a gaya masa. In kun haɗu da Fulani makiyaya ku yi sallama, gama sau da yawa sun fi kowa sanin inda ruwa yake da inda haɗari yake.

Aikin da ya rage gare mu a ƙauye

Duk wannan ba zai yiwu ba in duwatsun sun zama ƙuru. Ku dubi bayan garinku. Ina marke da kanya da ɗinya da kuka sani kuna yara? Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanya zuwa birni, daga can suke fitowa. Ana cinna wa daji wuta domin farautar gafiya, wuta ta cinye ƙananan itatuwa. In tudu ya rasa itace, ruwan sama yana gangarowa da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo cikin gonarka, rijiya kuma ta ƙafe da wuri. Dala ma zaizayar ƙasa da gine-gine sun ci gefenta. A Farawa sura 2 Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun iya na farko, na biyun ne muke sakaci da shi.

Ba na zargin matar da take saran itace domin ta ciyar da 'ya'yanta. Amma ikilisiya tana iya taimakonta da murhu mai tsimin itace, tana iya kafa wurin renon itatuwa a bayan majami'a da ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, zogale da mangwaro, a dasa a watan Yuli in ruwa ya zauna, a kuma kewaye su da ƙaya saboda awaki. Dashen da ba a tsare ba abincin akuya ne.

Saboda haka ga roƙona ga kowace ikilisiya. Ku rubuta sunayen 'ya'yanku da suke aiki a Sharaɗa, Challawa da Bompai, ku san inda suke kwana da majami'ar da suke zuwa. Ku zaɓi hanya ɗaya a kusa da garinku wadda ba ta wuce tafiyar awa biyu ba, dattawa biyu su bi ta su tabbatar ba haɗari. Ku sa rana ɗaya cikin hutun Kirsimeti, ku gayyaci yaran tare da abokan aikinsu, Kirista ko Musulmi. Tsofaffi su nuna musu sunayen itatuwa da amfaninsu, da wuraren da kakanni suka zauna, gama yawancin wannan sani ba a rubuce yake ba. Iyayenmu mata su dafa abinci, kowane baƙo ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, a sa kuɗin a asusun dashen itace. Kowa kuma ya dawo da ledarsa, kada a bar shara a kan dutse.

Ku matasan birni, kada ku jira Kirsimeti. Sau ɗaya a wata, ranar da ba ku da aiki, ku haɗu ku biyar ko goma da sassafe ku hau Dala, ku sha iska, ku tambayi juna lafiya. Wanda kuka ga ya daina zuwa, ku neme shi.

Wanda yake son bayanin taimakon gaggawa a rubuce, ko irin itatuwa domin reno, ya same mu a ofis bayan an tashi, ko ya aiko ta hannun fastonsa.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya tsare 'ya'yanmu a wuraren aikinsu, ya ba ƙasarmu salama.  Amin.